Wa Ya Kashe Jamusanci a Sinsinati?

An sha faɗi cewa Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya kashe harshen Jamusanci a ƙasar Amurka. A ganina yaƙi ya tarar da majinyaci ne a kwance, ya ƙarasa shi.

Mu dubi birnin Sinsinati na jihar Ohayo. A shekarar 1830 mutanensa ba su cika dubu 25 ba, amma kafin 1850 ta fita sun haura dubu 115. Bajamushen da ya sauka can a wannan zamani bai yi baƙunta mai tsawo ba. Da ya haye wani magudanin ruwa da aka haƙa, wanda aka yi wa laƙabi da sunan kogin Rayin na gida, sai ya faɗa unguwar 'yan'uwansa. Nan zai sami aiki a mahauta ko wurin kafinta ko masana'antar giya, ya karanta jarida da harshensa, ya ji wa'azi da shi ran Lahadi. Tun 1840 ma makarantun hukuma suka soma koyar da 'ya'yansa da Jamusanci tare da Turanci. Wane gata ya fi wannan?

To, amma abin lura shi ne, arzikin da ya kawo shi, shi ya raba jikokinsa da harshensa. Birni yana bunƙasa, ciniki da aikin ofis da siyasa duk Turanci suke bukata. Daga shekarun 1870 aka kafa taragun da ke hawa tuddan da suka kewaye garin, wanda duk ya sami abin hannu sai ya tashi daga tsohuwar unguwa ya koma bisa, inda maƙwabcinsa ba ya jin Jamusanci. Bayan 1882 kuma masu tasowa daga Jamus suka yi ta raguwa. Rijiya ce ake ɗiba, idon ruwanta yana ƙafewa.

Ba na musun zaluncin da ya biyo bayan shigar Amurka yaƙi a 1917. An sauya sunayen tituna, titin Biremen ya koma titin Jamhuriya, a 1919 kuma Ohayo ta haramta koyar da Jamusanci a ƙananan azuzuwa. Sai dai masu ɗora wa yaƙi laifin duka su amsa mana wannan: a 1923 Kotun Ƙoli ta rushe dokar, hanya ta buɗe, amma iyaye ba su yi tururuwar mayar da 'ya'yansu azuzuwan ba.