Allo ya ƙi cika taga? Kada ka goge, ka bincika

Duk ɗalibin da ya taɓa saka Ubuntu ko Kali a cikin VirtualBox ya san wannan ciwon kai. Ka ja taga ta cika fuskar laptop, amma allon ciki ya tsaya cak a tsakiya, ɗan mitsitsi, sau da yawa 800 da 600. Wani lokaci ma maɓallin da za ka danna ya ɓuya a ƙasa, ba ka ganinsa. Sai ka ji abokin mutum ya ce, “Kai, goge kawai ka sake.” A ganina wannan shawara ta fi matsalar kanta illa.

Mu fara da fahimtar abin. Laptop ɗinka mai masauki ce, kwamfutar da ke cikin VirtualBox kuwa baƙuwa. Baƙuwa ba ta san girman tagar da aka ba ta ba sai an gaya mata, kuma mai kai saƙon shi ne Guest Additions. In babu shi, ko ka sake saka Ubuntu sau goma, allon yana iya komawa yadda ka bar shi. Ka ƙone data, ka ɓata dare guda, wataƙila ma aikin furojet ɗinka ya tafi tare da faifan da ka goge. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

To me za a yi? A bi abin daki-daki, daga mai sauƙi. Duba jerin View ka tabbatar an kunna Auto-resize Guest Display. In ya dusashe ba ya dannuwa, alama ce saƙo ba ya isa ga baƙuwa. Sai ka kashe ta, ka shiga saitin Display: Linux na son VMSVGA, Windows kuma VBoxSVGA. Ka ƙara wa allo ma'adana zuwa megabayit 128.

Daga nan ka kunna ta, ka saka build-essential da dkms da linux-headers na kanel ɗin da kake kai. Nan ne mutane da yawa ke tsallakewa, alhali da su ake harhaɗa direban. Sannan a jerin Devices ka zaɓi saka faifan Guest Additions, ka gudanar da VBoxLinuxAdditions.run da sudo, ka karanta abin da ya rubuto. Karanta fa, ba kallo ba! Yawanci kuskuren yana nan a rubuce ƙarara. Ka sake kunnawa, ka gwada Ctrl na dama da F.

Idan kuma jiya lafiya lau, yau ya lalace, tambayi kanka me ya canza. Galibi sabunta kanel aka yi, ko an ɗaga VirtualBox an bar tsohon Guest Additions. Masu VMware su nemi open-vm-tools-desktop, masu KVM kuma spice-vdagent. Suna ne ya bambanta, dabarar ɗaya ce.

Wani zai ce, “Haba, ga tes ga asamen, wa ke da lokacin wannan?” Gaskiya ne lokaci ya yi ƙaranci. Amma binciken nan bai kai tsawon sake sakawa ba, kuma abin da ka koya ya zama naka. Ranar da ka je SIWES aka zaunar da kai gaban sabar ma'aikata, wallahi ba wanda zai bari ka goge ta don wani abu ya ƙi aiki. Abin da za a nema a wurinka shi ne ka gano inda ta yanke.

Shi ya sa nake roƙon malamanmu da masu kula da lab su sa wannan cikin firaktikal na farko, kafin a shiga manyan darussa. Mu ma ɗalibai, in ƙaninka na ND 1 ya kawo maka laptop, kada ka karɓe ka gyara masa shiru. Zaunar da shi, ya danna da hannunsa, ka tambaye shi me saƙon kuskuren ya ce.