KURA DA SHAN BUGU, GARDI DA KARƁAR KUƊI

Jama'ar Zango da kewaye, manoma da makiyaya, iyayenmu maza da mata.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, kuma a karanta da ƙarfi yadda na bayan dandali zai ji. Yau maganar tsani za mu yi. Ba tsanin hawa rumbu ba, tsanin albashin ma'aikatan Gwamnatin Tarayya, wanda ake hawa daga mataki na 1 zuwa mataki na 17. Za mu ɗauki ma'aikata guda ɗaya mu yi misali da ita, watau Hukumar Binciken Ma'adinai ta Nijeriya, wadda aikinta shi ne ta gano abin da Allah ya binne a ƙarƙashin gonakinmu.

Wani zai ce, to Malam, ina ruwan manomin gero da albashin ma'aikacin Abuja? Ku saurara, za ku ga ruwanku a ciki, har da tsakinku.

ƘASAR TAKU CE, NA CIKINTA BA NAKU BA NE

Abu na farko da ya kamata kowa ya sani shi ne, a tsarin mulkin 1999, duk wani ma'adini da ke ƙarƙashin ƙasa mallakar Gwamnatin Tarayya ne. Ko a tsakiyar gonar da ka gada daga kakanka aka samu zinariya, ba taka ba ce. Farar ƙasar Ƙanƙara, kuzar Jos, kwal ɗin Inugu, duk hukuncinsu ɗaya. Dokar ma'adinai ta 2007 ta ƙara jaddada wannan.

To, tun da an ce na kowa ne, watau na talakan Yardaje da na Rogogo ne kamar yadda yake na mai babbar riga a Abuja, ashe muna da bakin tambaya: su wa ake ɗauka aikin nemo shi, a wane mataki, kuma nawa ake biyansu?

Wannan ma'aikata ba yau aka fara ta ba. Turawan mulkin mallaka ne suka kafa ta a 1919. Ta daɗe da hedkwatarta a Kaduna kafin a mai da ita Abuja, kuma babban ɗakin gwaje-gwajenta a Kaduna aka bar shi. Tun wancan zamani aka raba aikin gida biyu. Bature yana riƙe da taswira da guduma, yana cin babban albashi. Baƙin mutum yana ɗauke da kaya a ka, yana haƙa rami, ana sallamarsa da 'yan kwabbai. A lokacin yaƙin Hitila, daga 1942 zuwa 1944, an riƙa kwashe mazaje daga lardunan Arewa da ƙarfin tsiya ana kai su haƙar kuza a Jos, abin da tsofaffi ke kira ɗiban gwamna. Da yawa sanyi da yunwa da cuta suka kashe su, ba su dawo gida ba. A ranar 18 ga Nuwamba 1949 kuma, 'yan sanda suka harbe masu haƙar kwal 21 a Inugu saboda sun nemi hakkinsu.

Bature ya tafi a 1960. Tambayar ita ce, tsanin da ya bari ya tafi tare da shi?

YADDA AKA ƘERA TSANIN

A 1972 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta naɗa kwamiti a ƙarƙashin Jerome Udoji domin ya gyara aikin gwamnati. Ya miƙa rahotonsa a 1974, daga nan aka samu matakai 17 ɗin nan. Dattawanmu suna tuna kuɗin Udoji. Ma'aikata suka karɓi ariyas, aka cika gari da babura da rediyo, farashin kaya ya tashi sama. Manomi bai samu ko kwabo ba, amma da ya je kasuwa sayen kananzir da atamfa, farashin Udoji ya biya. Ku riƙe wannan: duk abin da aka yi wa albashi a birni, sai ya biyo hanya ya same ku a ƙauye.

Ga yadda tsanin yake. Daga mataki na 1 zuwa na 6 ƙananan ma'aikata ke nan: masinja, mai shara, mai gadi, lebura, direba, ƙaramin akawu. Daga na 7 zuwa sama manya ne. Mai digirin jami'a, kamar masanin duwatsu, a mataki na 8 yake shiga. Babu mataki na 11, daga na 10 sai na 12. Mataki na 17 shi ne na darakta. Ƙa'idar ƙarin girma ita ce shekara 2 ga ƙananan ma'aikata, shekara 3 daga mataki na 7 zuwa na 14, shekara 4 daga na 15 zuwa sama. Ku lissafa da kanku: wanda ya shiga a mataki na 8, in bai taɓa yin tuntuɓe ba, sai ya yi shekara 26 kafin ya taka na 17. Ritaya kuwa tana zuwa ne bayan shekara 35 ta aiki, ko in mutum ya cika shekara 60 da haihuwa.

A takarda abin ya yi kyau. Amma tsanin yana da rufi a wurare uku, kuma duk ukun kan ɗan talaka suke bugu.

RUFI NA FARKO: AN SARE ƘAFAR TSANIN

Daga 2003, zamanin Obasanjo, aka fito da tsarin da ya sallami dubban ƙananan ma'aikata daga ma'aikatun tarayya, aka ce shara da gadi da makamantansu a ba 'yan kwangila. Ku gane abin da wannan ke nufi. A da, mutumin da bai wuce firamare ba yana iya shiga aikin gwamnati a matsayin mai gadi, ya samu albashi kowane wata, ya samu fansho, ya sa 'ya'yansa a makaranta. Manyan ma'aikata nawa ne a ƙasar nan 'ya'yan masinjoji? Yanzu an toshe wannan ƙofa. Gwamnati ta biya ɗan kwangila, ɗan kwangila ya yanke nasa, ya miƙa wa mai gadi abin da ya ga dama. Ba mataki, ba ƙarin girma, ba fansho. Ranar da ya yi rashin lafiya, ranar aka sa wani a madadinsa.

Akwai kuma wata asara. Hukumar Raba Daidai ta Tarayya tana da ƙa'idar cewa ƙananan ma'aikata a ɗauki mafi yawansu daga yankin da ofis yake. Wannan ita ce ƙofar 'yan ƙasa. Da aka miƙa aikin ga ɗan kwangila, wa zai tambaye shi daga ina ya kwaso mutanensa?

Ni kaina na ga irin wannan. Lokacin da nake koyarwa, uban wani ɗalibina ya bi wasu masu awon ƙasa daji har wata biyu. Shi ke ɗaukar musu kaya, shi ke haƙa, shi ke nuna musu inda fadama take da inda fako yake, domin ya san dajin kamar tafin hannunsa. Da aka gama suka biya shi kuɗin yini-yini suka tafi. Sunansa bai shiga kowace takarda ba. Ya dawo da ciwon baya, damina ta faɗi, gonarsa ta kwana ba shuka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

RUFI NA BIYU: ƊAN KWALEJIN FASAHA

Ɗan talaka in ya yi ƙoƙari ya wuce sakandare, yawanci kwalejin fasaha yake samu, domin ta fi kusa kuma ta fi sauƙin kuɗi. Ga ta nan an kafa mana ta tarayya a Daura a 2019. To, wanda ya fito da babbar difloma, shi ne mai sarrafa injin haƙa, shi ne mai gwada dutse a ɗakin gwaji, amma an yi masa rufi a mataki na 14. Ko ya fi kowa iya aiki, ba zai zama darakta ba sai ya koma ya nemo wata takardar. A 2021 Majalisar Tarayya ta zartar da ƙudurin soke wannan bambanci, amma har gwamnatin lokacin ta sauka a 2023 ba a sa masa hannu ba. Watau a gina wa yaranmu makaranta da hannun dama, a rufe musu ƙofa da hannun hagu.

RUFI NA UKU: KUƊIN DA BA YA KAI WATA

A 1981, bayan yajin aikin ƙungiyar ƙwadago a ƙarƙashin Hassan Sunmonu, gwamnatin Shehu Shagari ta yanke mafi ƙarancin albashi naira 125 a wata. A lokacin naira ta fi dalar Amurka daraja, kuɗin ya kai kimanin dala 200. A 2011 aka mai da shi naira 18,000, a 2019 naira 30,000, a 2024 naira 70,000. Lamba tana ta girma kamar kabewa, amma naira 70,000 ɗin nan a ranar da aka sa mata hannu ba ta kai dala 50 ba. Ba sai na gaya muku farashin buhun gero a kasuwar Mai'adua ba, ko kuɗin mota zuwa Katsina tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu 2023. Kun fi ni sani.

Yanzu ku dubi sama. A 2018 Sanata Shehu Sani ya fito fili ya ce kowane sanata yana karɓar naira miliyan 13 da rabi duk wata a matsayin kuɗin gudanar da ofis, ban da albashinsa. A shekarar, mafi ƙarancin albashi naira 18,000 ne. Ku raba. Sai lebura ya yi wata 750 yana aiki, watau shekara 62 da rabi, kafin ya tara abin da sanata ɗaya ke karɓa a wata guda. Kuma su waɗannan ba su kan tsanin ma sam. Nasu wata hukuma daban ce ke yanka musu.

AMSA GA MASU CEWA HASSADA CE

Abokan hamayyarmu za su ce, ai dole mai ilmi ya fi lebura albashi, waɗannan yara hassada ke damunsu. Mun ji. Mu ba mu ce a daidaita darakta da mai gadi ba. Ni malamin makaranta ne, ba zan raina ilmi ba. Abin da muke cewa shi ne, shi kansa masanin duwatsun da ke mataki na 8 ko na 9 ba a biyansa abin da zai riƙe shi. Sai ya gudu kamfanin mai, ko ya bar ƙasar, ko ya zauna a ofis yana jiran wata ya mutu. In masu sani suka watse, wa zai gwada mana ƙasa?

Mun ga sakamakon rashin sani a Zamfara a 2010. A ƙauyuka irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma, talakawa suka riƙa kai dutsen zinariya gida suna dakawa, ba su san akwai gubar dalma a ciki ba. Yara fiye da 400 suka mutu. Da akwai ma'aikatan gwaji isassu, masu mota da mai da kayan aiki, suna zagaya ƙauyuka, da an ce wa iyayen nan kada ku daka dutsen nan a tsakar gida. Rashin sani ya fi dare duhu.

Wasu kuma za su ce, ai Zango ba zinariya, mene ne namu? Namu ruwa ne. Tun zamanin Turawa wannan ma'aikata ta yi aikin binciken ruwan ƙarƙashin ƙasa da gina rijiyoyi a lardunan Arewa. Hausawa sun ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba, amma sai an san inda za a tona. Rijiyoyin burtsatse nawa kuka gani an haƙa gab da zaɓe, aka yanka ƙyalle, aka yi tafi, kafin bazara ta zagayo sun ƙafe? Matanmu da 'ya'yanmu mata su ke biyan wannan da ƙafafunsu.

ABIN DA JAM'IYYARMU TA TSAYA A KAI

1. A mai da ƙananan ma'aikata cikin tsanin gwamnati, da mataki da fansho, a raba su da 'yan kwangila.

2. Duk wanda aka ɗauka aikin daji a ƙauye, a rubuta sunansa, a yanka masa lada a gaban mai gari kafin a fara, kuma in ya ji rauni a yi masa magani.

3. A cire rufin mataki na 14 daga kan masu babbar difloma.

4. Duk guraben aikin da za a cika, a sanar a rediyo da Hausa, a liƙa a sakatariyar ƙaramar hukuma, a daina raba su a ɓoye kamar goron biki tsakanin 'ya'yan manya.

5. Dokar 2024 ta ce a sake duba mafi ƙarancin albashi duk shekara 3. A cika wannan alkawari, kuma a auna shi da farashin hatsi.

Waɗannan abubuwa ba a ofishin hakimi ake yanke su ba. A Majalisar Tarayya ake yin doka, a can ake zartar da kasafin kuɗi. Muna da kujerar wakili ta Ɓaure da Zango, muna da kujerar sanata ta shiyyar Daura. Wanda kuka ɗora a kai, shi ne bakinku.

Saboda haka duk ɗan takarar da ya zo garinku, namu ne ko nasu, ku zaunar da shi ku tambaye shi: tsanin albashi matakai nawa ne? Yaran mazaɓar nan nawa ne a kai, kuma a wane mataki? Me ka yi a kan maganar babbar difloma? In ya fara kame-kame ya miƙo muku taliya da sabulu, ku tuna taliya kwana biyu ce, shi kuwa shekara huɗu zai yi.

Ku adana katin zaɓenku, kada ku ba kowa ajiya. Ranar zaɓe ku fito da sassafe, maza da mata, ku jefa ƙuri'arku, ku tsaya a ƙirga a gabanku. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ba mu shugabanni masu tsoronsa. Amin.