A Daina Binne Katin Waifai Da Ransa

Sanin kowa ne cewa a birnin Sakkwato a yau, ɗalibin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko na Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari ba shi da makawa sai ya shiga intanet, ko don rajista ko don bincike. Haka nan ma'aikacin da aka ce ya aika rahoto Abuja kafin a tashi aiki. Da yawa daga cikin kwamfutocin cinya da ke hannunsu kuwa na hannu ne, waɗanda aka shigo da su daga Turai da Amurka. Da zarar alamar waifai ta ɓace, sai a garzaya wurin mai gyara, shi kuwa nan take ya yanke hukunci: kati ya mutu, a kawo kuɗin wani.

Sau da yawa wannan hukunci na gaggawa ne, kuma aljihun mai ƙaramin ƙarfi ne ke ɗaukar nauyinsa.

Katin nan ɗan ƙaramin allo ne a cikin kwamfuta, bai kai akwatin ashana ba, yawanci ƙirar Intel ko Realtek ko Broadcom. Ba kasafai yake lalacewa ba. Abin da ya fi faruwa shi ne a taɓa maɓallin da ke kashe shi ba da sani ba, ko a bar na'urar a kan tsarin jirgin sama.

Babbar matsalar dai tana tasowa ne bayan an goge Windows an sa sabo. Katin ba ya motsi sai da manhajar da ke sarrafa shi, wadda masu gyara ke kira direba. Idan wanda ya yi aikin bai sa ta ba, kwamfutar za ta yi kamar ba ta taɓa sanin waifai ba, alhali kuwa katin lafiyarsa ƙalau. A sashen Device Manager za a ga wata alama ruwan ɗorawa kusa da shi. Magani kuwa bai wuce a haɗa wayar hannu da kwamfutar ta igiyar USB ba, a ari intanet ɗinta, a ɗauko direban daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar. Aikin mintoci kaɗan ne, amma akwai wanda ya sayi kati a kansa.

Kazalika tsofaffin katuna da dama ba sa jin komai sai zangon gigahaz 2.4. Idan an saita wayar da ke raba intanet a kan gigahaz 5, har abada ba za su gan ta ba.

Har ila yau akwai ɗaukar alhaki da ƙurar hunturu ke jawowa. Takan toshe fanka, a buɗe kwamfuta don sharewa, garin haka a fizge ɗaya daga cikin siraran wayoyi biyu, galibi fara da baƙa, da suka tashi daga katin suka bi ta gaɓar murfi zuwa eriya. Alamarsa ita ce kwamfutar ba ta kama waifai sai an matso dab da na'urar. Mayar da wayar gurbinta kawai ake bukata.

Ko da katin ya mutu da gaske, a yi hattara, domin wasu tsofaffin ƙirar HP da Lenovo ba sa karɓar kowane kati sai wanda kamfanin ya amince da shi. Wajibi ne a gwada a gaban mai sayarwa kafin kuɗi su fita.

Ya kamata cibiyoyin kwamfuta na manyan makarantun Sakkwato su ware ko da awa guda a makon karɓar sababbin ɗalibai don koyar da waɗannan abubuwa, ofishin Shugaban Ma'aikata na jiha kuma ya sa su cikin kwasa-kwasan horar da akawuna da sakatarori.