Daga nanaye zuwa amapiano: wa ke raɗa wa kiɗan matasa suna?

Akasarin kiɗan da ke tashi daga lasifikar masu DJ a bukukuwan Gaya da Ajingi an haɗa shi ne a kwamfuta, ya bi ta hannun masu tura waƙa a kasuwa, ya faɗa wayoyin jama'a. Jinsa ba wuya. Wuyar ita ce a tambayi sunansa: wani ya ce nanaye, wani ya ce kiɗan ƙwarya, wani kuma ya tattara komai ya ce kiɗan DJ.

Wannan ruɗani tsoho ne. Da fiyanon Yamaha ya shiga situdiyoyin Kano a shekarun 1990, jama'a sun kira abin da ke fitowa waƙoƙin fiyano. Daga baya sunan nanaye, wanda aka aro daga amshin waƙoƙin gaɗa na 'yan mata, ya kama baki, har Farfesa Abdalla Uba Adamu ya shigar da shi rubuce-rubucen ilimi. Amma da kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya fitar da kundin Harafin So a 2013, sai ya gabatar wa duniya waƙoƙin a matsayin na fim masu koyi da Indiya. Mai kai kaya kasuwa shi ya raɗa suna.

Wasu ƙasashen sun nuna cewa suna jari ne. Gqom ya fito daga unguwannin talakawan Durban, singeli daga na Darussalam a Tanzaniya, dukansu kuma sun isa dandalin Turai da sunayen da suka taso da su daga gida. Amapiano na Afirka ta Kudu, wanda ma'anarsa da harshen Zulu ita ce fiyanoni, ya kai Tyla ga lashe Grammy a 2024. Wato sunan da Kano ta yar, wasu da irinsa suka ci kasuwa.

Rashin suna yana da wata illa a gida. Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ita ke sa ido kan waƙoƙi, kuma a 2025 ta haramta bikin ƙauyawa. Idan kowane sauti sunansa kiɗan DJ, to duk ranar da hukunci ya sauka a kan ɗaya, sauran ma sai sun ji a jikinsu. Wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Matashin da ke haɗa kiɗa a ɗakinsa a Ajingi, nesa da situdiyoyin Zoo Road, shi ya fi kowa asara. Kiɗansa na iya zagaya bukukuwan masarautar Gaya ba tare da an san mai shi ba, balle a biya shi. Muddin makaɗan ba su raɗa wa abinsu suna ba, ɗan kasuwa ko jami'in hukuma ne zai raɗa musu, kuma ba don amfaninsu ba.