Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Babban Sakataren Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa

Ranka ya daɗe,

Tambaya ɗaya ce ta sa na ɗauki alƙalami. Matashin da ya gama digirin farko a gashin ƙashi ko injiniya, yana son ya zama cikakken ƙwararre a fannin egonomiks, wato ilimin daidaita aiki da jikin mai yin sa, ina zai dosa a ƙasar nan? Ni ma'aikacin sashen gashin ƙashi ne a Kano. Ɗalibai sun sha yi mini wannan tambaya, na kuwa gaji da sunkuyar da kai.

Abin da galibi ake samu shi ne darasin zango ɗaya da aka cusa cikin manhajar wani fanni, ko ɗan reshen da ɗalibi zai rataya kundin bincikensa. Wannan ba ya fitar da ƙwararre. Ƙwararre sai ya san ƙirar jiki da aikin tsoka da jijiya, ya san yadda hankali ke gajiya har a yi kuskure, ya iya awon jikin mutane da ƙirar kayan aiki, sannan ya zauna a masana'anta ƙarƙashin wanda ya riga shi. Shi ya sa jami'o'in Loughborough da Nottingham a Ingila suka ware wa fannin digiri na biyu sukutum. Ƙungiyar masanansa a can tun 1949 take, ta duniya kuma tun 1959. Idan an ce Turai ce, to Jami'ar Rhodes a Afirka ta Kudu take, kuma tana da sashe guda mai ɗauke da sunan fannin. Mu fa?

Yallaɓai, ka leƙa kasuwar Dawanau da hantsi. Mutum biyu za su kama kunnuwan buhun masara mai kilo 100, su lilo shi su ɗora a wuyan ɗan dako. Ya taka katako siriri ya hau tirela, ya sauke, ya dawo, haka har la'asar. Tun 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawarar kada kayan da namiji baligi zai ɗauka su wuce kilo 55. Ma'aunin da masana a Amurka ke aiki da shi ma daga kilo 23 yake farawa, ya yi ƙasa. Kafin wannan bawan Allah ya cika shekara arba'in zai zo mana dafe da ƙugu, yana cewa baya ya riƙe, ciwon ya sauko har ƙafa. Mu gasa, mu koya masa motsa jiki, gobe ya koma ƙarƙashin buhun nan. Haka tela, haka mai rini a Ƙofar Mata, haka ma'aikacin Sharaɗa da Bompai da ke tsaye gaban injin da aka ƙera da awon jikin wasu mutane dabam. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon baya a 2020, kuma shi ne kan gaba wajen nakasa mutane. Mu masu gashi kamar masu kwalfar ruwa ne a ɗaki mai yoyo. Wanda zai gyara rufin shi ne ba ku horar ba.

Ba na raina aikinku. Hukumar nan tun 1962 take tsare martabar digirinmu, kuma sabuwar manhajar digirin farko ta 2022 ta nuna kun san duniya ta sauya, tunda har tsaron intanet ya samu gurbinsa. To, bayan ɗan dako bai kai kwamfuta daraja ba ne? Daga farkon 2025 asusun tallafa wa manyan makarantu, TETFund, ya dakatar da tura malamai karatu waje. An tsuke hanyar waje, ta gida kuma ba a share ba. Ina yaran nan za su dosa?

Akwai wasu koke-koken: Dokar Masana'antu ta tsufa, masu duba ma'aikatu sun yi kaɗan, ɗakunan gwaji ba kayan awo, dokar diyyar ma'aikata ta 2010 kuma sai an ji rauni take aiki. Waɗannan na wasu ofisoshin ne. Digirin nan kuwa a teburinka yake.

Don Allah ka sa a tsara ƙa'idar digiri na biyu da na uku a wannan fanni, da sharaɗin horo a wurin aiki. A fara da jami'o'in da suka haɗa likitanci da injiniya, irin su Bayero da Ahmadu Bello da Ibadan, a jawo ƙungiyar masana fannin ta Nijeriya a zauna da ita. Idan wa'adinka ya ƙare ba a yi ba, kamfanoni za su ci gaba da ɗauko baƙi da dala, haziƙan yaranmu su tafi ba dawowa, kuma za a tuna wanda ke kan kujerar a lokacin. Kai malami ne kafin ka zama shugaba, ka san ciwon ɗalibi mai hazaƙa ya rasa malami. Ina jiran amsarka, kuma in shiru ya yi yawa zan sake rubutowa.

Naka,
Ma'aikacin gashin ƙashi, Kano