CIKO BA GYARA BA NE: A NEMO INDA BAƘIN MAI KE ZUBA TUN A SABHA

'Yan'uwa fatake, akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin direbobinmu da iyayen gidansu, wai tsohuwar mota ba ta rabo da yoyo, in dai akwai jarkar baƙin mai a baya sai a riƙa ciko ana tafiya. Wannan magana tana iya yin aiki tsakanin Maraɗi da Jibiya, inda kowane ƙauye akwai bakanike. Amma ga wanda ya sayar da raƙuma da tumaki a Sabha ya kamo hanyar gida, ni a ganina ganganci ce, kuma lokaci ya yi da ƙungiya za ta sa baki.

Kowa ya san hanyar nan. Daga Sabha a bi ta Gatrun, a fita ta Tummo, a wuce Madama da Sigidin da Dirku, sannan a ratsa Tenere zuwa Agadas, tafiyar fiye da kilomita 1,500 ce, mafi yawanta rairayi da duwatsu. Ita kuwa Land Cruiser ɗin da ke rakiyar ayari ita ke ɗauke da ruwa da guzuri da makiyaya, a dawowa kuma ita ke ɗauke da jarin mutane da dama. Motocin nan sun kwana biyu. Injin 2H tun wajen 1990 aka daina ƙera shi, a shekarar ce kuma 1HZ mai silinda 6 ya fito. Ƙarfen yana nan da ƙwarinsa, amma roba da fakin da ke tare mai sun bushe, zafin Fezzan ya gasa su.

To, mu yi lissafi irin na kasuwa. Injin 1HZ yana cin baƙin mai kimanin lita 10. A ce mota tana zubar da lita 1 a kowane kilomita 200, kafin a isa Agadas ta zubar da lita 7 ko 8, wato kusan duk abin da ke cikinta. Wannan ma a kan hanya mai daɗi ke nan. A cikin rairayi da ƙaramin giya ake tafiya, injin yana ta kuka, mai ya yi zafi ya tsinke kamar ruwa, yoyon da ke ɗiga a gari sai ya koma tsiyaya. Ranar da yaron mota ya manta bai duba geji ba, ranar injin zai buga. A shekarar 2017 mutum 44 ƙishirwa ta kashe a tsakanin Agadas da Dirku bayan motarsu ta lalace. Duk abin da zai tsayar da mota a wurin nan ba ƙaramin abu ba ne.

Babban kuskuren da ake yi shi ne a leƙa ƙarƙashin mota, a ga mai a kwanon ƙasan injin, a ce nan ne. Mai ƙasa yake gangarowa, iskar fanka kuma tana kora shi baya, saboda haka inda ya taru daban, inda ya fito daban. Sai an wanke injin fes da kananzir ko gas, a bar shi ya bushe, a barbaɗa hoda ko toka mai laushi a kan mahaɗai, sannan a tayar da shi ya yi zafi. Daga nan sai a ɗauki tocila a fara duba daga sama zuwa ƙasa, daga gaba zuwa baya. Wuri mafi tsawo da hodar ta jiƙe, nan ne gidan ɓarawon. Da dare kuma a shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta. Baƙin mai na injin gas baƙi ƙirin yake, man giya yana da kauri da wani irin wari mai hawa kai, shi kuwa gas ba ya ɓuya ga hanci. Kada a sauke injin alhali akwatin giya ne ke zuba.

A fara da masu araha. Fakin murfin saman injin shi ya fi yawan yoyo, kuma sau da yawa ɗaure noti fiye da kima ne ke murƙushe shi. Sai filta, musamman in tsohuwar robarta ta maƙale aka ɗaura sabuwa a kai. Sai wosha ɗin notin juye, wanda ake ta maimaita shi shekara da shekaru alhali kuɗinsa bai kai na shayi ba. Sai ɗan makunnin nan da ke kunna jar fitilar mai a gaban direba, shi ma yakan tsage ya riƙa feshi. Waɗannan duk aikin rabin yini ne.

Masu wuyar su ne sil na gaba da na baya. In mai yana ɗiga ta mahaɗin injin da akwatin giya, kuma an tabbatar ba daga sama ya gangaro ba, to sil na baya ne, sai an sauke giya, in an bar shi kuwa zai jiƙa kuloci, mota ta kasa hawa tudun rairayi. A 1HZ kuma a buɗe murfin bel ɗin tayimin a duba. In mai ya taɓa bel ɗin nan ya ruɓar da shi, in ya tsinke kuwa fistin zai doki bawul, shi ke nan aiki ya koma na sabon kan injin.

Akwai kuma abin da yawancin makanikai ke tsallakewa, wato bututun numfashin injin. In ya toshe, iska takan taru a ciki ta riƙa tura mai ta kowace kafa, ka sa sabon sil yau, jibi ya koma yoyo. A buɗe murfin zuba mai injin yana aiki. In hayaƙi yana bugowa da ƙarfi, ringi sun cinye, ƙurar da matatar iska ta bari ta shiga ita ta ci su, kuma sil ba zai yi maganin wannan ba. Haka nan in mai yana raguwa amma kwali ya kwana a bushe, a dubi salansa, shuɗin hayaƙi alama ce injin shan man yake yi. In mai ya koma fari-fari kamar an dama shi da madara, ruwa ya shiga. In kuwa ƙaruwa yake yi a geji, gas ne ke gangarawa ciki, wannan ma ba abin murna ba ne.

Na san wasu za su ce taɓa tsohon injin tsokano tsuliyar dodo ne, ga jabun kaya sun cika kasuwa, ga ayari ba ya jira. Akwai gaskiya a ciki, shi ya sa ban ce a farke kowane injin ba. Gumi daban, ɗiga daban. Danshin da ƙura ke mannewa a kai yana iya jira har gida. Amma abin da ya bar tabo a kwali, a gyara shi a Sabha inda akwai gareji da kayan gyara, domin bayan Gatrun sai dai abin da ka riƙo. Maganin jabu kuwa shi ne a tafi da tsohon sil a gwada, a sayi na ainihi ko da ya fi tsada, araha ba ta ado. A kuma guji dabarun nan biyu: lafta gam, wanda ke gutsurewa ya toshe ragar famfon mai, da zuba man giya a injin wai don ya yi kauri.

Iyayen gida, a nan laifin namu ne ya fi yawa. Direban da ya san za a cire kuɗin gyara daga ladansa ba zai faɗi gaskiya ba, ciko zai riƙa yi yana shiru. Mai motar da ke ba da kuɗin jarka biyu ba tare da tambaya ba, amma ya ɗaure fuska in an ce sil, shi ya koya masa haka.

Shawarata ga shugabanninmu ita ce a kafa ƙa'ida: duk motar da za ta shiga ayari ta kwana a kan kwali, madugu ya duba da idonsa kafin a ɗaura kaya, kowace kuma ta riƙe filta da fakin da wosha da man juye guda cikakke. Ba ma sayen raƙumi sai mun duba haƙoransa da ƙafafunsa, to motar da za mu ba amanar rayukanmu ta fi cancantar haka.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya kawo kasuwa mai albarka.