In Injin Babur Ya Buga

Tun da aka hana acaɓa a tsakiyar birnin Abuja cikin 2006, masu sana'ar da yawa suka koma garuruwan gefe, har da Suleja da Madalla. Da tsohon babur suke ci da iyali, saboda haka ran da injinsa ya buga, ran nan ba a ɗora tukunya.

Galibi baƙin mai ne sanadi. In ya ƙone ko ya tsiyaye, sai fistin ya yi zafi ya kama jikin silinda ya karce shi, wani lokaci har ƙarfen da ke haɗa shi da karanshaf ya lanƙwashe. To, a nan ake cutar mai babur. Bakanike mai gaggawa sai ya sa sabon fistin da ringi cikin silindar da ta karce, ya karɓi kuɗinsa, bayan 'yan makonni hayaƙi ya dawo. Alhali kuwa kamata ya yi a kai silindar wurin masu injin yankan ƙarfe su faɗaɗa ramin, a auna, sa'an nan a sayo fistin daidai da sabon awon.

Ko bayan an ɗaura, injin yana bukatar lallaɓawa: ban da gudu, ban da ɗaukar mutum biyu da buhun masara zuwa Zuba, kuma a juye man farko da wuri.